Bekon a Gidan Mai Banda

Sallama gare ku, masu bin labarina a waya. Wadda ta san ni ta gyara zama, wadda ba ta san ni ba, ga ni a taƙaice. Sunana Fanna, 'yar Alhaji Umara dillalin banda a Kasuwar Kifi ta Baga Road. A unguwar Mairi muke zaune. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, na dawo gida ina cin abincin ubana, har mahaifiyata Ya Bintu ta fara yi min irin kallon da mai shago yake yi wa kayan da suka daɗe a kanta.

Ina da mai so na, Mikail, ɗan unguwar Fezzan. A Malesiya ya yi karatu, yanzu yana aikin haɗa sola. Ba shi da hayaniya, ba shi da ƙaryar mota, in ya ce zai zo bayan la'asar to bayan la'asar za ki gan shi. Matsalar ba daga wajensa take ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, goggonsa Hajja Mu'mina ce ta raine shi, kuma a gidansu in Hajja ba ta gyaɗa kai ba, babu namijin da zai ɗauki goro ya fita neman aure. Da aka gaya mata ko ni 'yar wane ne, abin da ta ce shi ne: "'Yar masu banda? To, Allah Ya sa turare ya ishe su."

Rahmat ƙanwar Mikail ce ta kawo min maganar, tana dariya wai abin wasa ne. Ku riƙe wannan daga gare ni: mai kawo miki abin da aka faɗa a bayanki ba taimakonki take yi ba, nauyi ta sauke daga kanta ta ɗora miki. Tun daga ranar nake sunsunar gyalena kafin in fita.

To ana nan sai ga saƙon Mikail.

"Hajja ta ce za ta zo gidanku Asabar ta sama. Ita da Rahmat. Da safe."

"Da safe kuma?"

"Ta ce da safe ake sanin gida. Da yamma kowa ya share."

Na kai wa Ya Bintu labari tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta fara lissafa abin da za a dafa. Kunun gyaɗa, ƙosai, burabisko da miyar banda mai yaji, irin wadda in ta yi maƙwabta suke aiko da kwano.

"Ya, don Allah kada a sa kifi."

Nan ta ɗaga kai. "A gidan Umara?"

"Ranar kawai. Ni zan yi abincin."

"Ke fero," ta ce, wato yarinya da Barbarci, "shayi ma sai na ce ki sauke kafin ya ƙone. Me za ki dafa?"

"Kasarol," na ce.

"Ciwo ne?"

Bari in gaya muku inda na samo sunan. Mikail yana da hira guda da ba ya gajiya da ita, hirar wani ɗan gidan abinci kusa da makarantarsu a Malesiya. Wai da safe suna yin wani abu da ake kira kasarol: a yayyanka burodi a faranti mai zurfi, a zuba ƙwai da madara, a barbaɗa cuku, a gasa a oben. Abin da ke ba shi daɗi kuwa shi ne bekon, wato nama mai layin kitse da aka jiƙa da gishiri, aka yi masa hayaƙi, aka yanka shi fale-fale aka soya har ya yi ƙaras-ƙaras. Na can na naman sa ne, halal. Rannan da yake ba ni labarin a karo na ban san nawa ba, sai bakina ya riga hankalina.

"Ai na iya."

Ban taɓa ganin bekon da idona ba. Amma dai ya ji daɗi, ya kuma kai labarin gida.

Washegari na nufi shagon Madam Ngozi a bakin titinmu. Kaji masu ƙanƙara take sayarwa, da sosej da cuku da madarar gwangwani. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu, 'yarta Chiazom kuwa tun firamare muke tare, Hausarta ta fi tawa gudu, zaginta ma haka.

"Mama, kina da bekon?"

Madam Ngozi ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Wanne? Namu ko naku?"

"Namu. Na sa."

"Naku daga Abuja yake zuwa, motar kuma sai ƙarshen wata. Namu na alade kuwa ko a shagon nan ba na ajiye shi, kin sani. Tun kafin a haife ki nake zaune da ku, ban taɓa haɗa muku firij ba."

Chiazom tana zaune kan firiza tana cin gyaɗa. "Wa za a burge da bekon? Ko injiniyan sola ne?"

"Goggonsa."

"Tsohuwar Fezzan? Ki ba ta kunu ta sa miki albarka, ki bar wahalar da kanki."

Na ba su labarin maganar turare. Chiazom ta daina tauna. Madam Ngozi ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "'Yata, in ni ce ke, miyar uwarki zan ba ta. Amma tunda kin riga kin yi baki, bekon ba sihiri ba ne. Gishiri ne da sukari da hayaƙi da haƙuri. Je ki wajen mahauci ki ce ya yanko miki naman cikin sa, inda kitse da tsoka suka yi layi-layi. Ki shafe shi da gishiri da sukari da masoro, ki ɗaure a leda ki sa a firij. Kullum ki juya shi. In ya kusa mako, ki wanke, ki shanya ya tsane, sai hayaƙi."

"A ina zan samu hayaƙin?"

Chiazom ta tuntsire da dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. "Ji 'yar sarkin hayaƙi tana tambayar hayaƙi."

Gaskiyarta. A bayan rumfar Baba akwai gangunan ƙarfe da aka yanke, masu raga a ciki. In kifi ya iso daga tafkin Chadi da danshi, a nan ake sake yi masa hayaƙi kafin a loda a kwali. Na san da su. Ba na dai son tunawa da su ne.

Haka makon ya tafi, ina yaƙi biyu. Nama yana firij ina juya shi safe da yamma kamar mai jinya, ina addu'ar kada batirin sola ya ba ni kunya. Gida kuwa na tayar da shi tsaye. Na sauke labule na wanke, na fitar da kafet na shanya, na sa aka kwashe kwalayen kifin da Baba yake ajiyewa a ɗakin zaure aka mayar kasuwa. Turaren wuta kuwa, kasko uku na hura. Na turara falo, na turara kujeru, na turara har bayan firij. Humrar da Ya take ɓoyo don biki na zuba a ruwan goge tayil.

Ya Bintu tana kallona tana tari. "Ko gawa ba a yi mata wannan turaren."

"Ya, so kike su ce muna wari?"

"So nake ki yi aure," ta ce. "'Yar ƙanwata da kika goya tana da ciki na biyu. In turare ne zai fitar da ke, ƙara gawayi."

Ana jibi za su zo na ɗauki naman na shiga keke zuwa Baga Road. Rabona da kasuwar tun ina sakandare. Tana nan yadda na san ta: kwalaye jibge har sama, manyan motoci suna lodi zuwa kudu, Inyamurai da Barebari da Hausawa suna ciniki da yare uku a jimla ɗaya. Na ja gyale na rufe hanci, ina ɗage siket.

Baba yana zaune kan benci yana duba wata tarwaɗa kamar mai duba zinare. Da ya gan ni sai ya miƙe tsaye. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata a kasuwa? Lafiya?"

"Lafiya, Baba. Nama ne nake so a yi masa hayaƙi."

Ya buɗe ledar, ya danna naman da yatsa, ya sunsuna. "Na baƙin Asabar ne?"

"Eh. Abincin Turawa ne. A hankali ake yi masa, kada wuta ta taɓa shi."

"Ni za ki koya wa hayaƙi?" Ya yi dariya, ya juya wajen maƙwabtan rumfarsa. "Kun ga uwata mai digiri, yau ta kawo min aiki. Ba wanda zai taɓa wannan, da hannuna zan yi."

Yadda ya ji daɗi ya kamata ya sa in ji kunya. Ban ji ba. Sai ma na ƙara da cewa, "Baba, baƙin nan mata ne zalla. Ranar ka yi zamanka a kasuwa, ba sai ka wahala ba."

"To, uwata," ya ce.

Washegari da yamma ya dawo min da shi naɗe a takarda. Ya yi ja ya yi kyau, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na sunsuna, hayaƙi na ji mai daɗi. Na yanki ɗan ƙarami na soya, na ci, na ba Ya.

Ta tauna, ta lumshe ido. "Da daɗi kuwa. Kamar ma na san shi."

Na ɗauka yabo ne. Chiazom, wadda ita kaɗai ce za ta iya cetona, ta tafi bikin ƙawarta a Biu, sai safiyar Asabar za ta dawo.

Ranar Asabar ina sallame sallar asuba na shiga kicin. Na bi duk abin da Madam Ngozi ta koya min, kuma zan faɗa muku shi don wata ta amfana, tunda laifin ba na girkin ba ne. Naman sai ya yi sanyi sosai yake yankuwa fale-fale, don haka daga firiza na ɗauko shi. A kasko mai sanyi ake jera shi, ba a zuba mai ko ɗigo, sannan a kunna wuta kaɗan. Shi zai fitar da mansa da kansa. In kika jefa shi a kasko mai zafi, gefe zai ƙone kitse bai narke ba. Na tsaya a kansa ina juyawa har ya ƙanƙance ya yi ƙaras, na kwashe a kan takarda ya tsane. Man da ya bari ba a zubarwa. A ciki na soya albasa da tattasai.

Na yayyanka burodin jiya, don sabo caɓewa yake yi. Na shafe faranti da man, na zuba burodi, na watsa albasa da tattasai, na marmasa bekon a kai. Na kaɗa ƙwai da madara da ɗan masoro, gishiri kaɗan tunda naman ya sha nasa, na kwarara har burodin ya jiƙe. Na bar shi ya tsotse, na goga cuku a sama, na tura oben. Madam Ngozi ta ce in an girgiza farantin tsakiyarsa ba ta rawa, ya yi.

Kafin ya yi na yi wanka, na sa leshi ruwan toka, na naɗa lafaya ruwan hoda a kai. Lallen da aka yi min ya kama baƙi wuluk. Na tsaya kan kaskon turare har idona ya yi ja. Na ɗauki hoton kaina na tura wa Mikail.

"Masha Allah. Sun taso. Kada ki ji tsoro, Hajja ba ta cizo."

"Ka tabbata?"

"Ba ta cizo da safe."

Suka iso. Hajja Mu'mina doguwa ce siririya, farar lafaya ta naɗa, zobe ɗaya tak a hannunta, da carbi. Irin matan nan ne da ba sa waige-waige amma sun gama ƙirga kujerun falonki kafin su zauna. Rahmat tana bayanta da waya a hannu. Ya Bintu ta tare su da "Wushe, wushe," Hajja tana amsawa da "Kalewa," suka shiga gaisuwar Barebari wadda ba ta ƙarewa sai an tambayi lafiyar kowa har kaji. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni daga kai zuwa ƙafa.

"Ke ce Fannar?"

"Ni ce, Hajja."

"Gidanku da turare," ta ce, ta ɗan yi tari.

Rahmat ta ce, "Hajja, yau za ki ci kasarol ɗin da Yaya ya ishe mu da labarinsa."

Na koma kicin na fito da farantin daga oben. Ya kumbura, samansa ya yi ruwan zuma, cuku yana tafasa a gefe. Wallahi sai da na ji kamar in yi guɗa. Daidai nan Chiazom ta shigo ta ƙofar baya, jakar tafiyarta ma ba ta ajiye ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga hanci sama.

"Fanna, kifi kika sa a ciki?"

"Wane irin kifi? Bekon ne."

Ta tsinci guntun da ya rage a kan takarda ta jefa a baki. Ta tauna sau biyu, ta dube ni da tausayi.

"Ƙawata, wannan saniyar a tafkin Chadi ta yi kiwo."

"Bar wasa, Chiazom."

"Wa ke wasa? Tun daga bakin get nake ji. Turarenki yana kokawa da tarwaɗa, kuma tarwaɗa ce a sama. Ke ba ki ji ba?"

Na sunkuya na sunsuna farantin. Ƙwai na ji, da cuku, da hayaƙi. Nan na gane abin da ya faru da ni. Wanda aka haifa a gidan banda hancinsa ba ya jin banda, kamar yadda mutum ba ya jin ƙarar numfashinsa. Ni da Ya da Baba, duk cikinmu babu mai hancin da zai ba da shaida.

"Me zan yi?"

"Akwai wani abinci?"

Akwai. Ya Bintu ba ta taɓa yarda da girkina ba, ta dama kununta ta soya ƙosanta a ɓoye. Amma Rahmat ta riga ta yi shela. Daga falo ma sai ga muryarta: "Anti Fanna, ƙamshi ya ishe mu."

"Ki kai," in ji Chiazom. "In ta tambaya ki ce eh, da kifi. Ai da daɗi. Ni ki rage min."

Shawara mai kyau ce, kyauta kuma aka ba ni. Na ɗauki tire na fita.

Na yanka na zuba wa Hajja. Ta yi bismilla, ta kai cokali baki. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta sake ɗiba. Rahmat ta ci nata, ta dube ni, ta dubi faranti, ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Hajja ta ajiye cokali. "Wannan shi ne abincin Malesiyar?"

"Shi ne, Hajja."

"Da kifi suke yi?"

Ga ƙofa a buɗe, ba sai na ƙwanƙwasa ba. Kalma ɗaya ce. Amma sai maganar turaren nan ta faɗo min a rai.

"A'a, Hajja, babu kifi. Haka naman yake. Daga Abuja ake kawo shi."

Ya Bintu ta juyo ta dube ni. Ban yarda mun haɗa ido ba.

"Daga Abuja," in ji Hajja. Ta sake ɗaukar cokali.

'Yan mata, ku ji da kyau. Ƙarya ba ta da ƙafa, amma tana da baƙi, kuma ba sa sanar da zuwansu. Ban rufe baki da minti biyar ba sai ga sallama daga tsakar gida, murya mai ƙarfi irin ta wanda ya saba ciniki a cikin hayaniya. Baba ne. Ya tsaya a bakin ƙofar falo bai shigo ba, da rigar kasuwarsa, da kwali a kafaɗa.

"Hajja, wushe da zuwa. Uwata ta ce in zauna a kasuwa, amma na ce baƙi irinku ba sa zuwa su koma hannu sake. Ga 'yar tsaraba, ni na zaɓa da kaina, babu mai ƙwaro ko ɗaya."

Ya sauke kwalin. Suka gaisa. Ina durƙushe ina roƙon Allah Ya sa ya juya. Sai idonsa ya faɗa kan farantin, fuskarsa ta washe.

"A'a, har an ci? Yaya naman? Ni na yi masa hayaƙi. Da ta kawo shi na ga abin baƙi ne, na ce ba zan bar shi haka gayansa ba. Na zaɓo tarwaɗa mafi ƙiba a rumfata na jera a ragar sama, na sa naman a ƙasa, mansu yana ɗiga a kansa wuni guda. Ko ɗan gwamna ban taɓa yi wa haka ba."

Rahmat ta saki dariyar da take riƙo, ta toshe baki da gyale. Hajja ba ta yi dariya ba. Ni take kallo.

"Alhaji," ta ce, idonta a kaina, "ashe rumfarka a Abuja take."

Baba ya yi murmushi bai gane ba. Ya dubi Hajja, ya dubi Ya Bintu da ta sunkuyar da kai, ya dube ni. Sannan ya dubi kaskon turare guda uku da ke hayaƙi a kusurwoyin falo, ya waiga ɗakin zaure da aka kwashe kwalayensa. Mutumin da ya shekara talatin yana gane ruɓaɓɓen kifi a tsakiyar kwali ba ya buƙatar a yi masa bayani. Murmushin ya tafi a hankali. Ya ja da baya taku ɗaya daga bakin ƙofa, ya kama gefen rigarsa kamar mai son ɓoye ta.

Wannan takun ne ya karya ni. Na miƙe na je na durƙusa a gabansa, a bakin ƙofa, lafayata tana shafar kwalin kifin.

"Hajja, ƙarya na yi miki. Ba daga Abuja yake ba. Ni na jiƙa shi, Babana ya yi masa hayaƙi a gangarsa ta kifi. Kifin nan shi ya biya min makaranta, shi ya sayi lafayar da ke jikina, har turaren da na ishe ku da shi. An ce kin ce Allah Ya sa turare ya ishe mu, shi ne na ji tsoro."

Rahmat ta daina dariya. Hajja ta juya ta yi mata kallo ɗaya, yarinyar ta nutse a kujera.

"Na faɗa," in ji Hajja. "Ban kuma aiki kowa da ita ba." Ta ja carbinta. "Alhaji, mun gode da tsaraba. Hayaƙinka ya yi kyau. Bintu, a zuba min sauran wannan a kula, zan kai wa mai Malesiya ya ji ko haka nasu yake."

Baba ya ce, "Madalla." Bai ce uwata ba. Ya sa takalmansa ya fita.

Sun sha kunu, sun ci ƙosai, Hajja da Ya suka yi hirar tsadar gawayi kamar babu abin da ya faru. Da za su tafi na ɗauki kwalin na kai mota da kaina. Hajja ta shiga, ta gyara lafayarta, ta ce in gaida gida. Ko kalma ɗaya ba ta ce game da zuwan maza neman aure ba.

Ya Bintu ba ta yi min faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ta kashe kaskon turaren ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe tagogi. Chiazom tana kicin tana kankare gefen farantin da cokali.

"Da kin ce eh, da yanzu ana maganar sadaki," ta ce da baki cike. "Amma gaskiya ki ba Mama wannan dabarar ta babanki, za ta sayar."

Bayan la'asar Baba ya dawo. Da can in ya dawo kai tsaye yake shigowa falo ya zube a kafet ya ce a ba shi ruwa. Yau sai na ji shi ya wuce banɗakin tsakar gida. Ya daɗe yana wanka. Ya sauya riga, ya shafa turare, sannan ya yi sallama a ƙofar falonsa kamar baƙo. Na kawo masa ruwa na durƙusa, na ce ya yafe min. Ya karɓi kofin ya ce, "Ba komai, Fanna."

Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ban san haka yake da nauyi ba.

Ina nan durƙushe wayata ta yi ƙara. Mikail ne.

"Na ci kasarol. Ya fi na Malesiya, ba wasa nake ba."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Hajja ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce kifi bai taɓa hana aure ba, ita ma bakinta ne ya yi tsawo. Amma ta ba ni tambaya ɗaya in kawo miki, ta ce daga amsarki za ta san ko za ta tura kawunnaina."

"Wace tambaya?"

"Ta ce, da Alhaji ya ji maganarki ya zauna a kasuwa, yaushe kika yi niyyar gaya mata gaskiya?"

Na rubuta "ranar nan", na goge. Na rubuta "kafin biki", na goge. Amsar da ke gaskiya na san ta, kuma ba mai daɗin ji ba ce: ban taɓa yin niyyar gaya mata ba. Ga Baba a gabana yana shan ruwa cikin rigar da ba ta ƙamshin komai sai turare, ga Mikail a waya yana jira, sunansa da ɗan koren haske a gefe.